Hester ko Gatsby: wanne ya fi dacewa da mai son tona zuciyar taurarin labari?

Ƙanwata tana ajin ƙarshe a sashen Turanci, kuma lokacin zaɓen taken kundin digiri ya yi. Abin da take son rubutu a kai shi ne dalilan da ke tura taurarin labari su aikata abin da suke aikatawa, musamman inda sha'awa da soyayya suka shigo. Malamin da zai duba aikinta ya ce ta tsaya a kan littafi ɗaya daga cikin tsofaffin ƙagaggun labaran Amurka, sai ta rage jerin zuwa biyu: The Scarlet Letter na Nathaniel Hawthorne, wanda ya fito a 1850, da The Great Gatsby na F. Scott Fitzgerald, wanda ya fito ranar 10 ga Afrilun 1925. Ta ce, "Yaya, kai da ka karanta su duka, wanne zan ɗauka?" Amsar ta fi ƙarfin hirar waya, shi ya sa na zauna na rubuta ta, don na san ba ita kaɗai ce ke tsaye a wannan mararraba ba.

Zan fara da abin da ya fi sauƙin faɗa. Littafin Fitzgerald gajere ne, babi tara, Turancinsa na zamani ne, mai himma zai gama shi a kwana biyu. Na Hawthorne babi 24 ne, ga doguwar shimfiɗa a gaba game da ofishin kwastan na garin Salem inda marubucin ya yi aiki daga 1846 zuwa 1849, ga jimloli masu tsawo da tsohon Turanci irin na fassarar Baibul ta da. Shimfiɗar nan ta sa mutane da yawa sun ajiye littafin tun ba su ga Hester, tauraruwar labarin, ba. Shawarata a tsallake ta, a dawo mata bayan an gama labarin. Dukkansu ana samunsu kyauta a intanet, domin haƙƙin mallakar Gatsby ma ya ƙare a Amurka tun farkon 2021. To amma sauƙin karatu daban, sauƙin kafa hujja daban. A nan ne lissafin ke juyawa, domin littafin da ya fi daɗin karantawa shi ya fi wuyar kamawa a rubutu.

Kowanne daga cikinsu yana ɓoye wani abu, sai dai ba abu ɗaya suke ɓoyewa ba. Hawthorne ya buɗe maka zukatan mutanensa, yana shiga yana fita yadda ya ga dama, amma ya hana ka hukuncin ƙarshe. Fitzgerald kuwa ya damƙa labarin gaba ɗaya a hannun mutum ɗaya, Nick Carraway, wanda shi ma yana cikin rigimar tsundum, don haka duk abin da ka sani game da Gatsby da masoyiyarsa Daisy ta bakinsa ka ji. A littafin farko aikinka auna dalilai ne da aka shimfiɗa maka. A na biyu sai ka fara binciken mai ba da shaidar kafin ka taɓa shari'ar.

Labarin Hester Prynne yana faruwa ne a Boston tsakanin 1642 da 1649, zamanin da 'yan Furitan, Kiristoci masu tsananin riƙo da suka yi hijira daga Ingila, ke mulkin garin da dokar da ta haɗa coci da kotu wuri guda. Hester matar aure ce, mijinta ya turo ta gaba daga Amsterdam, shi kuma ya ɓace shekara biyu ba labari. Ta haihu. An fito da ita daga kurkuku rungume da jaririya 'yar wata uku, aka tsayar da ita awa uku a kan dandamalin hukunci a tsakiyar kasuwa, aka kuma yanke mata ta riƙa sa jan harafin A, harafin farko na kalmar zina a Turanci, a ƙirjinta har ƙarshen rayuwarta. Wanda hukuma ta sa ya roƙe ta a gaban jama'a ta faɗi sunan uban 'yar shi ne matashin limamin cocinta, Arthur Dimmesdale, kuma shi ne uban. A cikin 'yan kallo akwai mijin nata, wanda ya iso garin a ranar, ya sauya suna ya koma Roger Chillingworth. Shi kansa aikin zinar an yi shi an gama kafin shafin farko, ba a nuna shi ko sau ɗaya. Littafin kacokan a kan abin da ya biyo baya ne.

Bahaushe mai karatu ba ya buƙatar dogon sharhi kafin ya gane wannan filin. Mun san yadda ciki ke tona asirin mace ya bar namiji yana yawo da rawaninsa. Mun san tambarin da ke bin ɗan da aka haifa ba aure. Mun san yarinyar da aka haɗa da dattijon da ba ta so, domin a babi na 4, cikin kurkuku, Chillingworth da bakinsa ya amsa cewa shi ya fara cutar ta da ya ɗaura ƙuruciyarta da tsufansa, ita kuma ta tuna masa cewa tun farko ta gaya masa ba ta jin sonsa. Wannan kusancin riba ce ga ɗalibi, amma akwai tarko a cikinsa, zan zo gare shi.

Ɗauki tambaya ɗaya kawai: me ya hana Hester faɗin sunansa? Littafin ya ba ka amsa fiye da ɗaya, kowacce da wurin da za ka ɗora yatsa. Akwai so, wanda ya fito fili a cikin daji a babi na 17 zuwa 19, inda ta cire harafin ta jefar, ta cire ɗankwali gashinta ya zubo, ta kuma ce masa abin da suka yi yana da irin tasa tsarkin. Akwai girman kai, domin ita da hannunta ta yi wa harafin ado da zaren zinariya har matan gari suka ji haushi, suna ganin ta mayar da abin kunya abin ƙawa. Akwai kuma tawaye na tunani. A babi na 13 mai ba da labari ya faɗa kai tsaye cewa harafin bai yi aikin da aka sa shi domin sa ba: a zahiri Hester ta zama mai jinyar marasa lafiya da ciyar da matalauta har wasu suka fara cewa A ɗin na nufin mai iyawa, amma a ranta tana tambayar tsarin duniya gaba ɗaya da matsayin mace a cikinsa. Ɗalibar da ta ce Hester ta tuba, da wadda ta ce ba ta taɓa tuba ba, kowacce za ta samu abin kafa hujja, kuma dawowar da Hester ta yi Boston bayan shekaru, ta sake ɗaukar harafin ba wanda ya tilasta mata, zai ba su duka aikin yi.

Dimmesdale ne, a ganina, ya fi kowa a littattafan biyu cancantar a tsaya masa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, haka yake: hannunsa kullum a ƙirji, jikinsa na ƙarewa, yana azumin da ya wuce kima, yana dukan kansa da bulala a ɓoye, yana hawa mumbari yana cewa shi ne mafi zunubi, jama'a kuma suna ƙara ɗaukarsa waliyyi, kuma ya san haka za su ɗauka. Wannan shi ne zurfin abin. Yana faɗin gaskiya da salon da ya tabbata za a ji ta a matsayin tawali'u. A babi na 12 ya hau dandamalin da tsakar dare, ba kowa, ya riƙe hannun 'yarsa Pearl, da ta tambaye shi ko zai tsaya da su haka gobe da rana tsaka sai ya ce sai ranar hisabi. Akwai wani ɗan wuri da nake son kowane ɗalibi ya lura da shi. Bayan sun shirya guduwa Turai a jirgin ruwa, Dimmesdale ya yi murna da ya ji jirgin sai rana ta huɗu zai tashi, saboda a rana ta uku zai yi babban wa'azin bikin zaɓen gwamna, ba ya son a ce ya bar aikinsa bai kammala ba. Mutumin da zai gudu da matar wani, abin da ke damunsa shi ne kada sunansa ya ɓaci a kan wa'azi. Daga nan za ka iya tambaya da gaske: furucin da ya yi a ƙarshe, a babi na 23, kafin ya faɗi ya mutu, tuba ce, ko kuwa hanyar kuɓucewa Chillingworth ce, ko shi ne wa'azinsa mafi girma?

Shi kuwa Chillingworth dalilinsa kamar a fili yake, ramuwar gayya. Amma dubi siffar da ramuwar ta ɗauka. Bai kai ƙara ba, bai kashe ba. Ya zama likitan limamin, ya tare gida ɗaya da shi, yana haɗa masa magani yana tsawaita masa rai, har wata rana a babi na 10 ya same shi yana barci ya buɗe masa riga ya ga abin da ke ƙirjinsa. Da limamin ya mutu, shi ma ya bushe ya bi shi cikin shekara, ya bar wa Pearl dukiyarsa. Mai ba da labari da kansa ya yi tunani a babin ƙarshe ko so da ƙiyayya a can ƙasa abu ɗaya ne, tunda kowanne na sa mutum ya rataya rayuwarsa a kan wani. Wasu manazarta sun bi wannan zaren sun ce akwai wata irin sha'awa a shaƙuwar mazan biyu. Ni ban ga littafin ya kai can ba. Abin da na gani mallaka ce, mutumin da ya rasa matarsa ya mayar da zuciyar abokin hamayyarsa gonarsa. Amma aƙalla jimlar da ake jayayya a kanta tana nan a rubuce.

Tarkon da na ambata shi ne wa'azi. Saboda labarin ya yi kama da abin da muka sani, ɗalibi kan zame ya rubuta kundi a kan illar zina, ko kuma a kan zaluncin al'umma ga mata, ya manta da cewa Hawthorne bai miƙa kansa ga ko ɗaya ba. Shi jikan 'yan Furitan ne. Kakan kakansa John Hathorne yana cikin alƙalan shari'ar maitar Salem ta 1692, kuma jikan ya rayu da nauyin wannan. Yana ƙyamar taurin zuciyarsu, amma bai taɓa cewa abin da Hester ta yi daidai ne ba. Ko abin da aka gani a ƙirjin Dimmesdale ranar da ya mutu, bai yanke ba: wasu sun ce shi ya yi wa kansa tambarin, wasu sun ce magungunan likita ne, wasu sun ce nadama ce ta ci daga ciki ta fito, wasu kuma sun rantse ba su ga komai ba. Ya jera maka su ya ce ka zaɓa.

Yanzu mu haye zuwa bazarar 1922, gaɓar tekun Long Island kusa da New York. Nick Carraway ya zo daga tsakiyar ƙasar don koyon cinikin takardun lamuni, ya kama hayar ƙaramin gida a kan dala 80 a wata, maƙwabcinsa kuma Jay Gatsby ne, mai katafaren gida da shagalin da ba ya yankewa. Asalin sunansa James Gatz, ɗan talakawan manoma daga North Dakota, ya sauya suna yana da shekara 17. A 1917, yana ƙaramin hafsan soja, ya haɗu da Daisy a Louisville, ya bar ta ta zaci shi ma ɗan gidan arziki ne. Ya tafi yaƙi, ita kuma a 1919 ta auri Tom Buchanan, wanda ya ba ta sarƙar lu'ulu'u ta dala 350,000. Gatsby ya tara dukiya ta haramtacciyar hanya, har da sayar da giya a lokacin da dokar da ta fara aiki a 1920 ta hana, ya sayi gida daidai tsallaken ruwa daga nata, yana tsayawa da dare yana kallon koren fitilar da ke bakin gaɓarta. Duk wanda ya taɓa karanta littattafan soyayya na Kano ya san wannan saurayin da rashi ya raba da budurwa, ya fita nema ya dawo ya tarar an kai ta gidan mai kuɗi.

Sai dai tambayar da ke nan ita ce: Daisy yake so, ko abin da Daisy ta tsaya a madadinsa? Shi ne da bakinsa ya ce muryarta cike take da kuɗi. Nick ya gaya mana cewa yawan mazan da suka nemi Daisy ya ƙara mata daraja a idonsa, kuma gidan iyayenta ya ruɗe shi. A babi na 5, ranar da suka sake haɗuwa bayan kusan shekara biyar, Nick ya lura cewa dole a wasu lokuta Daisy ta gaza kai mafarkin, domin babu macen da za ta iya cika abin da mutum ya tara a ransa tsawon wannan lokaci. Abin da Gatsby ke nema ma ba aure kawai ba ne. So yake ta tsaya gaban Tom ta ce ba ta taɓa son sa ba, a goge shekarun auren kamar ba a yi ba. A otal ɗin Plaza, babi na 7, ta kasa. Ta ce ta so Tom a da, shi ma ta so shi. Son maso wani ƙoshin wahala, amma nan wahalar ta fi haka, domin wadda yake so ta tsaya ne a 1917, ba ta wanzu a ɗakin.

Daisy ita ce wadda aka fi zalunta a rubuce-rubucen ɗalibai. An saba a ce mata maras zuciya mai bin kuɗi, kuma gaskiya ne ita ke tuƙa motar da ta kashe Myrtle Wilson, farkar Tom, ta bar Gatsby ya ɗauki laifin, ba ta aiko ko fure ba ranar jana'izarsa. Amma ita ce kuma wadda aka samu a buge ana gobe ɗaurin aurenta, riƙe da wata wasiƙa, tana cewa a mayar da sarƙar. Ita ce wadda ta haihu ba ta san inda mijinta yake ba, ta yi fatan 'yarta ta tashi kyakkyawa maras wayo don shi ne mafi sauƙi ga mace. Matsalar ita ce ba mu taɓa shiga ranta ba. Hawthorne ya ba Hester babi-babi na tunaninta. Fitzgerald ya ba mu muryar Daisy da fararen kayanta kamar yadda maza ke ganinsu. Ɗalibar da ke son rubutu a kan mace da sha'awarta za ta yi ta tono a nan da ƙaramin cokali.

Sai batun da ya fi jawo gardama, wato Nick da kansa. Tun daga wata maƙala ta Keath Fraser a 1979 ake ta muhawara ko Nick yana da sha'awar maza, ko ma son Gatsby yake. Na san wannan batu yana sa wasunmu ɗaure fuska, amma nazarin abin da ke cikin littafi ba goyon bayansa ba ne, kamar yadda nazarin Hester ba halatta zina ba ne. Ɗalibin da ya ɗauki littafin nan zai ci karo da muhawarar ko ya so ko bai so ba, gara ya san inda ta samo tushe.

Tushenta mafi ƙarfi ƙarshen babi na 2 ne. An sha giya a gidan da Tom ya kama wa farkarsa Myrtle a New York, Tom ya fasa mata hanci, sai Nick ya bi wani mai ɗaukar hoto, McKee, suka fita. Tun farko Nick ya siffanta shi da mutum fari fat mai yanayin mata, kuma yana barci Nick ya sa hankici ya goge masa busasshiyar kumfar aski a kumatu. A cikin lifta McKee ya gayyace shi cin abinci wata rana, yaron lifta ya daka wa McKee tsawa ya cire hannunsa daga sandar tuƙi. Daga nan sai ɗige-ɗige, an yanke labari. Abu na gaba, Nick na tsaye a bakin gadon McKee, shi kuma yana zaune cikin zanin gado da kamfai kawai, yana nuna masa hotuna. Sai a sake yankewa, Nick na kwance rabi barci a tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania yana jiran jirgin ƙarfe huɗu na asuba. Masu wannan fassara suna ƙarawa da yadda Nick ke tsayawa ya siffanta ƙirar jikin Tom da murmushin Gatsby, da yadda ya kwatanta tsayuwar budurwarsa Jordan Baker da ta matashin soja, da kuma ranar da ya cika shekara 30 ya hango kaɗaici da raguwar gwagwaren da zai sani. Suna kuma tunatarwa cewa a Amurkar 1925 luwaɗi laifi ne a doka, babu kamfanin ɗab'i mai mutunci da zai buga shi ƙarara, don haka idan marubuci na son faɗa sai dai hannunka mai sanda.

Ɗaya ɓangaren ma ba hannu rabbana suka zo ba. Nick ya ce sau biyu kacal ya taɓa buguwa a rayuwarsa kuma wannan ne na biyu, don haka yankewar labarin na iya zama kwaikwayon ƙwaƙwalwar mashayi. Yana da wata yarinya a garinsu da yake rubuta wa wasiƙa, ya yi 'yar gajeriyar hulɗa da wata ma'aikaciya daga Jersey City, ya kuma sumbaci Jordan a ƙarshen babi na 4. Ni kuma ina ƙara wani abu daga namu gefen. Mu mun san aminci tsakanin maza da ke kai mutum ya tsaya wa gawar abokinsa lokacin da kowa ya watse, ya yi ta buga waya yana neman masu zuwa jana'iza, kamar yadda Nick ya yi har aka ƙare da shi da mahaifin Gatsby da wani baƙo ɗaya mai tabarau da 'yan ma'aikatan gida. Ba sai an nemo sha'awa kafin a fahimci wannan ba.

Matsayina shi ne: wurin McKee da gangan aka rubuta shi, marubuci mai tsantseni kamar Fitzgerald ba ya barin irin wannan giɓi bisa kuskure, kuma duk wanda ya ce babu komai a wurin bai karanta da kyau ba. Amma tsallakawa daga nan zuwa cewa littafin gaba ɗaya labarin son Nick ga Gatsby ne ya wuce abin da shafukan za su ɗauka. Amfanin wurin na gaskiya shi ne ya nuna maka Nick na iya yin shiru a kan abin da ya shafe shi. Mutumin da ya ce a ƙarshen babi na 3 yana cikin 'yan tsirarun masu gaskiya da ya sani, shi ne ya buɗe gidansa don matar aure ta sadu da tsohon saurayinta, ya san wanda ya tuƙa motar bai faɗa wa hukuma ba, ya ce bai yarda da halin Gatsby ba daga farko har ƙarshe amma ya ce masa ya fi su duka daraja. Idan ya ɓoye daren McKee, me kuma ya tace kafin ya ba mu? Kundi mai kyau zai iya fitowa daga wannan tambayar, kuma ya fi ƙarfin kundin da ya ɓata shafi hamsin yana son tabbatar da abin da marubucin ya ƙi tabbatarwa.

A ɓangaren alamomi ba zan daɗe ba. Harafin Hester yana sauya ma'ana a gaban idonka, kuma mutanen labarin ne ke sauya ta; har hasken mai siffar harafin A da ya bayyana a sama daren rasuwar Gwamna Winthrop, liman ya gan shi tonon asirinsa, mutanen gari suka ce mala'ika yake nufi. Koren fitilar Gatsby da manyan idanun tallan likitan ido da ke kallon kwarin toka, wani juji a kan hanyar New York, an riga an tatse su a dubban rubuce-rubuce, da wuya ɗalibi ya faɗi sabon abu a kansu. Gargaɗi ɗaya kuma da ya shafi duka biyun: kada a dogara da fim. Na Hester da aka yi a 1995 ya sauya ƙarshen labarin gaba ɗaya, na Gatsby na 2013 kuma ya kwantar da Nick a asibitin masu matsalar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye, abin da babu shi a littafin.

To wanne? Na gaya wa ƙanwata ta ɗauki Hawthorne. Takenta dalilai ne da sha'awa, kuma a can tana da mutum uku da kowanne aka buɗe mata cikinsa, tana da mace a tsakiyar labari wadda ke tunani da kanta, tana da dandamali guda da aka hau sau uku, a farko da tsakiya da ƙarshe, wanda shi kaɗai ya isa ya zama ƙashin bayan kundi. Ranar kare aiki, duk tambayar da aka jefo mata za ta iya buɗe shafi ta nuna. Wahalar Turancin ta mako biyu ce, bayan nan kunne ya saba. Abin da zai ci mata tuwo a ƙwarya kawai shi ne ta hana kanta hawa mumbari.

Shi kuwa Gatsby, zan ba da shi ga ɗalibin da abin da ke burge shi shi ne yadda ake ba da labari, wanda zai iya rubuta "wataƙila" ba tare da jin ya gaza ba, kuma wanda malaminsa zai yarda a tattauna batun Nick a matsayin nazari. Ya kamata a tambayi malamin tun kafin a rubuta babin farko, kada a kai wata na huɗu a ce a sake lale. Haka nan wanda jigonsa kuɗi ne da asali da yadda masu tsohuwar dukiya ke rufe ƙofa ga sabon shiga, shi ma Gatsby ne nasa, a nan Hawthorne ba shi da abin ba shi da yawa.

Wanda har yanzu ransa ke rabe, ga gwajin da na ba ta ita ma. Ya karanta babi na 17 na Hawthorne, hirar daji, sannan ya karanta shafuka biyun ƙarshe na babi na 2 da rigimar otal a babi na 7 na Fitzgerald. Ya rufe littattafan, ya ɗauki takarda ya rubuta tambayoyin da suka taso masa a kan kowanne. Ƙanwata ta kira ni bayan kwana uku, ta ce a kan Gatsby tambaya huɗu ta samu, a kan Dimmesdale kaɗai ta cika shafi.